Asuwakin Malam

Ki rubuta yadda na faɗa, baiwar Allah. In kin ji na yi shiru, kuka ne, ki jira ni.

Mijina asuwaki yake sayarwa. Tun da muka zo hajji muka zauna, sana'arsa ke nan. Yakan shimfiɗa kwali a hanyar Harami ya jera saiwoyi, in ya hango 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari masu korar 'yan talla, ya naɗe ya bar wurin. Yana da 'yar wuƙar da yake fere kan asuwaki da ita. A ɗakinmu na unguwar Utaibiyya, ba ya yi mini magana da safe sai ya goge baki. Har ya tsufa haƙoransa fari tas.

Da ɓarin jikinsa ya shanye na yi jinyarsa, har ɗaga shi ya gagare ni. Wasu bayin Allah suka karɓe shi a gidan kula da tsofaffi a Ka'akiyya. Ranar ziyara nakan hau taksi da kunu a fulas. Da farko yana murna. Daga baya, ina shiga sai ya juya fuska bango, ya ja bargo ya rufe baki. In ce, "Malam, ya jiki?" Shiru. Kunun ma ya daina sha. A taksi nake kukana, ina cewa fushi yake yi na bar shi hannun baƙi, zai tafi bai sake ce mini komai ba.

Mai kula da ɗakinsu Basudane ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ya tare ni a ƙofa.

"Ya Hajja, tsohonki ya fi ƙarfina, wallah. In na kawo buroshi sai ya datse haƙora. Dasashi ya kumbura, yana jini. Likita ya ba da magani, amma sai an wanke bakin."

Nan na gane. Warin da nake ji a gefen gadon, ashe shi Malam yake ɓoye mini.

Na sayi ɗanyar saiwa wajen abokin sana'arsa, na fere da wuƙarsa, na jiƙa a zamzam har ta yi laushi. Duk zaman aurenmu ban taɓa leƙa bakin mijina ba, kunya ba ta bari. Ranar na ja labule, na ɗora masa asuwakin a hannunsa mai lafiya. Ya sansana, ya jujjuya shi.

"Wa ya fere wannan?" Harshen da nauyi, amma na ji.

"Ni ce, Malam."

"Tsintsiya kika yi, Hajiya? Kin ɓata saiwa."

Ina dariya ina kuka, ya buɗe baki. A kuncin da ya shanye abinci ya taru, shi bai ma ji ba. Na kwashe da tsumma mai tsabta, na goge a hankali, ya kuskure a kwano. Ya sha kunu yana kallona.

Basudanen ya ce in ƙaro masa saiwoyi, sauran tsofaffin ma sun ƙyalla ido, suna so.

Malam ya kai azumi, bai kai sallah ba. Amma har ya tafi, fuskarsa wajena take, muna hira, yana kushe mini firar asuwaki. Wuƙar tana nan cikin jakata. Har yau tsintsiya nake yi, babu mai ce mini na ɓata saiwa.