Ramar da Aka Kira Rejim

Duk wanda ya yi tuƙin haya a unguwar PK8 a shekarun da fetur ya yi tsada a duniya kuɗi suka kwararo ƙasar, lokacin da sababbin motoci suka cika Libreville, ya san Iyatu mai tuwo. 'Yar Bichi ce, ta biyo mijinta Audi, mai ɗan shago a unguwar da ake kira London a nan Libreville. Rumfarta na bakin titi, inda motocin haya ke juyawa. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka, kukar kuwa daga gida ake aiko mata, don haka direbobi 'yan Maraɗi da 'yan Kano suka mai da rumfar gidan uwarsu.

Iyatu mace ce mai jiki, tubarkalla. A Bichi abin yabo ne, cewa ake Audi ya iya kiwo. A nan kuwa sai ta tsaya bakin titi da kwandon cefane, mai taksi ya rage gudu, ya dube ta sama da ƙasa, ya ƙara wuta. Tana mai da abin wasa, amma yana ci mata rai. Ga gwiwoyi sun fara ciwo saboda tsayuwa kan tukunya.

Ana haka sai ga Haoua, wata 'yar Damagaram mai bakin zuma, da jaka cike da gwangwanaye. Garin shayi ne, wai daga Turai, mai narka kitse. Ba a shago ake sayar da shi ba. Kina sha, ki kawo mata su sha, su ma su kawo wasu, ke kuma kina hawa mataki. "Yaya Iyatu, ke da mutane ke gunki safe da yamma? Ai ke aka yi wa wannan harka," in ji Haoua.

Iyatu ta fara sha, sai jiki ya kama sauka. Kai, sauka ta ban mamaki! Zanen da da ƙyar yake zagaye ta ya koma yana saura, awarwaro na zamewa har gwiwar hannu. Matan da ta jawo kuwa, sun sha har sun gaji, ko kumatu bai motsa ba. In sun yi ƙorafi Haoua ta ce ba su bi ƙa'ida ba, ta nuna musu Iyatu. To wa zai yi musu da abin da ido ya gani?

Abin da ba su gani ba shi ne ƙishirwa. Iyatu na shanye buta guda maƙogwaro bai jiƙe ba, fitsari kuma ba ya barinta ta idar da tuƙin tuwo. Ta gaya wa Haoua a asirce. Haoua ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Kitsen ne ke narkewa yana fita. Ki ƙara cokali."

Mutum ɗaya ce ta kira abin da sunansa, Inna Ƙulu, tsohuwar da ke sayar da daddawa kusa da rumfar. Wata safiya ta kama hannun Iyatu, ta juya shi, ta ce, "'Yar nan, kin rame."

A wurin Bahaushe wannan kalma ba ta tafiya ita kaɗai. In an ce ka rame, abin da ke biyo baya shi ne "me ke damunka?", daga nan sai neman magani. Amma a taron masu shayin an riga an hana faɗarta. Rama ta marar lafiya ce, in ji su, tasu kuwa rejim ce, wato rage ƙiba da gangan, kalmar Faransanci mai takalmi da jaka. Sai Iyatu ta zare hannunta ta ce, "Haba Inna, ba rama ba ce, rejim nake yi."

"Ko me sunansa, idonki ya faɗa," in ji tsohuwa.

Iyatu ta yi fushi, ta daina aika mata da ƙanzon tuwo. Shi ma Audi da ya ɗan yi magana, ta ce masa rejim ne, sai ya bar maganar, don kada a ce shi baƙauye ne bai san zamani ba. Allah sarki, kalma ɗaya ta rufe bakin kowa.

Har wani babban zaure masu shayin suka kai ta a unguwar Plaine Orety, mai sanyin na'ura. Aka ɗora ta kan dandamali, aka ba ta tsohon siket ɗinta ta ware shi a gaban jama'a. Matan ma'aikata masu turare suka miƙe suna tafi. Ita wadda a da masu taksi ke wucewa, yau ga ta ana rububin taɓa hannunta. Daɗi ya cika ta har ta yi ƙwalla, alhali a lokacin fuskokin mutanen dishi-dishi take ganinsu.

Ba da jimawa ba garwashi ya faɗo mata a ɗan yatsan ƙafa. Ba ta ma ji zafinsa ba, sai da ta gani. Ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma, ta koma kan tukunya. Ruwan Libreville kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, kullum tana cikin taɓo. Ciwo ya ƙi kamewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Direbobi suka riƙa zama nesa-nesa, daga baya suka koma wata rumfar. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi gefen murhu, Inna Ƙulu ce ta yi kururuwa aka kira Audi.

A asibiti likita ya auna jininta, ya cire tabarau, ya yi magana da Faransanci Audi na fassarawa. Ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cin ta. Shi ya zuƙe mata jiki, shayin bai rage mata komai ba. Da an zo da wuri, in ji shi, da ƙwaya da kiyaye abinci sun riƙe ta.

"Mutum ya zube haka, babu wanda ya lura?" likita ya tambaya.

Audi ya kasa fassara wannan, ya sunkuyar da kai. Amma Iyatu ta tsinci Faransancin bakin titi, ta gane. Ta ce, "Malam, gaya masa kowa ya lura."

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Haoua ta zo dubiya sau ɗaya, ta ce ƙaddara ce, ta ajiye lemo, ba a sake ganinta ba. Iyatu ba ta zage ta ba. Abin da ta roƙa kawai a kira mata Inna Ƙulu, ta riƙe hannun tsohuwar ta nemi gafara, suka yi ta kuka su biyu.

Ranar sallama, taksi ya sauke su a bakin titi, don gidansu na can saman tudu, mota ba ta hawa. An yi ruwa, hanya duk santsi. Audi ya tattare rigarsa, ya durƙusa ya ce, "Hau, Iyatu." Ta ji kunya, ta dubi mutane, sannan ta rungumo wuyansa. Ya cije baki, ya tattara ƙarfinsa duka ya yunƙura, sai ya miƙe zumbur har ya kusa kifawa, don babu nauyin da ya shirya wa. A nan ya tsaya da ita a bayansa, dattijo da furfurarsa, yana kuka a gaban 'yan tasha.

Iyatu ta sa gefen mayafinta ta share masa fuska, ta ce, "Mu je, Malam, ana kallonmu."