Yayen Kunun Aya

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Samaru, ba na jin yayen 'yata ta fari zai fita daga raina. Yau yarinyar tana sakandare, bakinta ya fi nawa kaifi, amma har yanzu in na ga ana jera gorunan kunun aya a cikin ƙanƙara sai abin ya dawo mini sabo.

Lokacin ina da ɗan shagon ɗinki a bakin titi. Ciki ya shige ni tun ban yaye ta ba, ga laulayi mai kwantarwa, ko ƙamshin girki ba na iya shaƙa. Sai aka yi abin da aka saba, aka kai ta gidan Inna, mahaifiyata, a Muchiya. A gidanmu babu wadda ta taɓa yaye ɗanta a ɗakinta, wurin Inna ake kaiwa, kuma kowanne sai ya dawo ɓul-ɓul. Da wannan take taƙama. Dokarta guda ce, uwa ba ta leƙowa sai yaro ya manta da nono.

Sana'ar Inna kunun aya ce, kuma duk Sabon Gari an san nata. Da dabino da kwakwa take haɗa shi, ya fito fari tas, mai kauri. Da farko kunun gyaɗa ta riƙa dama wa yarinyar, kamar yadda ta yi wa sauran jikoki. Sai tari ya kama ta. Inna kuwa tun tasowarta ta ji ana cewa gyaɗa tana tayar da tari, don haka ta janye ta gaba ɗaya, ta koma ba ta na aya. Yarinya ta ɗanɗana zaƙi ta ƙi komai. A ba ta tuwo ta tofar, a ba ta wake ta kau da kai. Inna ta ce ai ba komai, madara ce, madarar ma ta ƙasa wadda ba a gauraya ba.

Laulayina ya ja, yayen ya zarce watanni. Duk ranar da maigidana ya biya ta Muchiya sai ya dawo da hotonta a waya yana dariya. “Kin ga 'yarki kuwa? Kumatu kamar an hura. Yaye ya karɓe ta.” Ni ma in karɓi wayar in yi ta nuna wa masu kawo ɗinki. Wallahi har addu'a na sha, ana cewa Allah ya bar mana Inna.

Ranar da na samu ƙarfin zuwa, na tarar da yarinyar zaune a kan tabarma, ba ta wasa, ba ta kuka sosai, sai wani ɗan ƙugi. Ta dube ni kamar ba ta damu da ko wace ce ba. Gashinta da na sani baƙi wuluk ya yi ja, ya yi laushi. Na ɗauko takalmin da na saya mata, ƙafa ta ƙi shiga.

Na ce, “Inna, anya yarinyar nan lafiya take?”

Ta ce, “Ke dai da fitina. Fushin yaye ne, kowane yaro yana yi. Ba ki ga jiki ba?”

Na ga jiki, amma hankalina bai kwanta ba. Na ce mu dai je a duba tarin. Ta goya ta a baya tana mita, muka hau keke-napep zuwa asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da muka samu wata dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna. Ko ta kan tarin ba ta bi ba. Ta kama ƙafar yarinyar ta danna da babban yatsa, da ta ɗaga sai wurin ya zauna a lotse kamar an danna ƙullin fulawa.

Ta ce, “Mama, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Tamowa ce. Me take ci?”

Inna ta faɗa mata, har da ɗan alfahari a muryarta, ta lissafa dabino da kwakwa. Matar ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce aya abu ne mai kyau, tana da zaƙi, tana cika ciki, tana ba da ƙarfi, amma abin da ke gina tsokar yaro kaɗan ne a cikinta, in an tace ta kuma sai ya ƙara raguwa. Gyaɗa ce ke da wannan da yawa, ita da wake da ƙwai da kifi. Ta ce farin kunu bai mai da shi nono ba.

Aka kwantar da mu. Kwanakin farko wata madara ta musamman ake ɗura mata kaɗan-kaɗan, likita kuma bai ɓoye mana ba cewa da mun ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Kumburin ya sace, sai ga ainihin 'yata ta bayyana, fata da ƙashi. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Da ta fara farfaɗowa sai aka kawo wani abinci a 'yar leda, aka ce shi ne maganin. Inna ta yaga bakin ledar, ta shinshina, ta lakata ta sa a harshe.

Sai ta ce, “Gyaɗa ce.” Ta sake dubawa. “Buhu guda gare ni a ɗaki. A jikinsa yarinyar nan take jingina in tana zaune.”

Na ce mata rashin sani ne, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami, kuma mu ma duk mun ga hotunan mun yi murna. Ta gyaɗa kai kawai.

Yarinya ta warke sarai. Da lokacin yayen ƙaninta ya yi, na shirya kayansa da gangan na kai shi Muchiya, don Inna ta san zuciyata ɗaya da ita. Ta karɓe shi, ta yi masa wasa, ta ba shi abinci. Da la'asar ta ɗauko jakarsa ta miƙo mini. Ta ce, “Ki yaye abinki a ɗakinki. Ni na gama.” Na roƙa, yayyena suka roƙa, ta ƙi. Har Allah ya karɓi ranta babu jikan da ya ƙara kwana a hannunta.

Abin da na koya shi ne, so kaɗai ba ya ciyar da yaro, sai an haɗa da sani. 'Yata asibiti ya warkar da ita. Inna kuwa ban samo maganin da zan ba ta ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har gobe.