Jar Mota Mai Kujera Biyu

Har yau in na ji ƙarar mota mai ƙarfi ta ratsa gudron, wato titin kwalta, na Sabon Gari, sai in ji raina ya ɓaci. Haushi ne zalla, kuma na rasa wanda zan ɗora wa shi, shi ya sa ya ƙi wucewa.

Na daɗe a Kwatano ina aikin fito da motocin mutane daga tashar jirgin ruwa. Motar alhaji, motar ɗan alhaji, duk ta hannuna suke bi, ni kuwa ko keke ban mallaka ba. Da Allah ya buɗa min na tashi dawowa Damagaram, sai na rantse ba zan shiga garin nan da irin motar kowa da kowa ba. Na sayi wata ja, ta hannu ce amma kamar jiya aka ƙera ta. Ƙofa biyu, kujera biyu, a kwance take kamar ƙadangare a kan dutse, rufinta bai wuce ƙuguna ba. In na taka ta sai bayana ya manne da kujera. Na so motar nan, wallahi na so ta, ba na jin kunyar faɗa.

Amma akwai abin da nake nema da ita wanda ya fi gudun. A gidanmu na Gidimuni, duk wanda ya yi abin hawa, ko da jaki ne, sai ya kai wa Inna, mahaifiyarmu, ta hau, ta dafa, ta ce Allah ya sa albarka. Ƙanena da ya sayi mashin, goya ta ya yi suka zagaya bakin tafki, tana riƙe da rigarsa tana dariya. Ni kuwa ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta yabona a gaban mutane. In za ta yi min magana sai ta juya wajen ƙanwarta, wadda muke kira Iya, ta ce, "Ce wa wancan ya ci abinci." Kunyar ɗan fari ce, na sani sarai ba ƙi ba ne. Sai dai sani daban, zuciya daban. Na girma ina jiran ranar da ni ma za ta shiga abin hawana ta sa masa albarka, in ji da kunnena.

Tun kafin in kai ga Gidimuni, Zinder, Damagaram ɗin tamu, ta nuna min ba don ita aka ƙera motar ba. Tudun rage gudun nan da ake ginawa a kan gudron, wanda mai adaidaita yake hayewa yana hira da fasinja, ni sai na tsaya cik, in karkace, in hau shi a kaikaice kamar mai ciwon ƙugu, duk da haka sai ka ji ƙarrr a ƙarƙashi har cikin haƙorana. Lungunan Birni kuwa ba a magana. Ƴan fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, suka sa mata suna Amarya: wai ba ta fita rana, ba ta taka ƙasa, ba ta cin abincin kowa. Kuma ba su yi ƙarya ba, domin ranar da na kuskura na zuba mata esansi, fetur ɗin kwalba na bakin hanya, tari ta kama yi kamar tsohuwar akuya. Na kai ta wurin makaniken unguwarmu, ya ɗaga gaba, ya leƙa, ya dube ni ya ce, "Maigida, an sace maka inji." Injin yana baya. Na rufe na tafi.

Wannan duk da sauƙi. Mota a garinmu ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. In an yi rasuwa ko ɗaurin aure, dattijan unguwa ƙofar mai mota suke tsayawa. To wa zan ɗauka, wa zan bari? In na ɗauki liman na bar mai unguwa, na yi laifi. In na ɗauki mai unguwa, sai an kama shi hannu bibbiyu kafin ya fito daga wannan rami na kujera, hularsa a ƙasa. Sai na koma barinta a gida ina bin su a ƙafa. Nan kuma aka ce rowa gare ni, wai na sayi motar da ba ta da wurin ɗan'uwa. Kai jama'a! Ka ɗauka laifi, ka bari laifi.

Bayan girbi na kama hanyar Gidimuni. Da na wuce Mirya na samu gudron fayau, na sakar mata linzami, ranar kam na san abin da na saya. Murnar ba ta daɗe ba. Ina sauka daga gudron in bi yashin da ke zuwa gidanmu ta bayan lambuna, sai ta kwanta a kan cikinta, tayoyi na juyawa a banza. Shanun amalanken maƙwabcinmu ne suka ja ta har ƙofar gida, mutanen unguwa na biye suna kallo. Motar da na ce za ta girgiza gari, ga ta a bayan shanu tana bin kashinsu.

A lokacin idon Inna ya yi yana, sai inuwar abu take gani. An daɗe ana fama da ita ta yarda a yi mata aiki tana ƙi, wai ba mai taɓa mata ido da wuƙa. Iya ta riƙo hannunta suka fito. Ta kai hannu sama tana neman rufin motar, ta ji iska, sai da Iya ta sauko mata da hannun ƙasa. Ta shafa ta tun daga gaba har baya, a hankali, kamar mai taya saniya a kasuwa.

"Wane launi ce?" ta tambayi Iya.

"Ja ce jawur, Yaya. Kamar barkono."

"Ina ake zama?"

Iya ta buɗe ƙofa ta ɗora mata hannu a kan kujera. Hannun ya matsa kaɗan ya taɓa tawa kujerar, ya koma baya yana neman wata, ya tarar da bango. Sai ta janye hannunta ta sa cikin mayafi.

"Ce wa wancan Allah ya tsare hanya," in ji ta, ta juya ta shige gida.

A nan tsaye abin ya faɗo min. Matar da ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ita na sayo wa motar da ba ta da wurin zama sai kafaɗa da kafaɗa da ni. Duk tsawon hanyar Kwatano zuwa Damagaram ban yi wannan tunani ba ko sau ɗaya. Na tsaya da makulli a hannu ina jin kamar in mari kaina. Allah ya tsare hanya! Ko baƙon da ya kwana a zaure ana ce masa haka.

Ba a jima ba ƙanena ya kira ni ya ce Inna ta yarda a yi mata aikin idon. Mun yi mamaki, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Na je ɗaukarta zuwa Zinder. Na roƙi Iya ta lallashe ta ta shiga, ko da fuskarta a rufe. Iya ta ce in daina wahalar da kaina: ba za ta zauna gefena ba, kuma ko wani ne zai tuƙa, ba ta tafiya ba tare da mai riƙe mata hannu ba. Haka muka kai su tasha. Aka cusa su cikin motar haya tsakanin buhunan rogo da daman rake, kaji a ƙarƙashin kujera.

Ni kuma na biyo su a baya, kujerar gefena ba kowa sai ƙullin kayan Inna da butarta. Motar hayar nan tana rarrafe, tana tsayawa a kowane ƙauye, tana feso min baƙin hayaƙi. Injina ya yi zafi don ba a saba masa da tafiyar hawainiya ba. A shingen jandarma muka tsaya tare, sai na ji wata mata a cikin motar tana cewa da ƙarfi, "Wai ɗan tsohuwar nan ne a cikin jar motar can. Allah ya raba mu da arzikin da uwa ba ta ci." Kowa ya leƙo ta taga. Na ga bayan kan Inna, ba ta motsa ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ni da motar mun shige. Kafin mu shiga gari na gama yanke shawara.

An yi aiki lafiya. Likita ya ce ta zauna a ɗaki, kada rana ko ƙura su taɓa idon har ya warke. Tana ciki da Iya a gidana, ni kuma ina waje ina fama da dillalai. Wannan ya zagaya jar motar ya ce, "Buhu nawa take ɗauka?" Wancan ya buga taya da ƙafa, har raina ya ɓaci, ya ce ai ko Gaffati da ke nan kusa ba za ta kai mutum ba. Waɗanda jiya suke tsayar da ni a hanya don su ɗauki hoto da ita, yau su ne masu cewa ba ta da kasuwa. In ka ga dillali yana kushe kaya, so yake, na san wannan, amma sanin bai hana jinina tafasa ba.

A ƙarshe wani ɗan attajiri da ya daɗe yana zawarcinta ya kawo tasa mu yi musaya. Kat-kat ce, irin mai keta daji, baƙa, doguwa, ƙofa huɗu, injinta ƙato, in ka taka ta ita ma tana amsawa. Har ciko sai da na yi masa, ni da nake ba da zinariya ina karɓar ƙarfe. Na miƙa makulli, ya tashe ta ya yi ta nishi da ita a banza, da zai fita ya goge cikinta da dakalin ƙofar gida. Na juya baya don kada in ce wani abu. Washegari ya wuce da ita Yamai, daga baya na ji ya sayar wa wani can. Ban sake ganinta ba.

Sabuwar ba ta da laifi, in faɗi gaskiya. Tana hawa tudu ba ta tambaya, tana keta yashi, tana shan abin da aka ba ta, dattijan unguwa suka dawo suna amsa gaisuwata da fara'a. Tuwo ce, tana ƙosarwa. Amma ban taɓa ajiye ta na waiwaya don in sake kallonta ba.

Ranar da likita ya sallami Inna, na wanke motar da kaina na kawo ta tsakar gida. Ta fito ba mai riƙe da hannunta. Ta tsaya ta dubi bishiyar darbejiya, ta dubi kaji, ta dubi kowane lungu na gidan, har bayan ɗakin girki sai da ta leƙa. Na ɗauka murnar gani ce. Iya ta buɗe mata ƙofar baya, ta hau, ta zauna daidai bayan kujerata inda ba za mu haɗa ido ba. Ta dafa kujerar da tafin hannu.

"Ce wa wancan Allah ya sa albarka. Allah ya sa ta ɗauki alheri."

Na ce amin. Gemuna da furfura, amma sai da na goge ido da hannun riga kafin in tashi motar.

Muka kama hanya. Tana ta nuna wa Iya abubuwa kamar yarinya: ga duwatsu, ga giginya, ga raƙumi can nesa. Mun wuce Mirya sai na ji ta rage murya.

"Wai ina jar? Na duba gidan ban gan ta ba. Ko tana wurin gyara?"

Iya ta ce, "Yaya, ai ya musanya ta da wannan. Don ke ya yi, don ki samu wurin zama."

Can Inna ta ce, "Duk matan gari sun gan ta. Sun cika min kunne, wai ba a taɓa shigo da irinta ba, wai ko a bayan shanu ta fi ta kowa kyau. Ni kaɗai ce ban gani ba. Na ce to bari in yarda a taɓa idon nan, in ga abin da wancan ya sayo da guminsa."

Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi ciwo. Ina so in juya in ce, Inna, me ya hana ki faɗa? Da kalma ɗaya kika aiko Iya da ita, da ko mako ɗaya ne na jira! Amma ɗan fari ba ya juyawa ya yi wa uwarsa irin wannan tambaya, kamar yadda ita ma ba za ta iya aiko min da ita ba.

Da muka isa ƙofar gida, motar ta haye yashin nan ko gezau. Na nemo hoton jar a wayata na miƙa wa Iya, Iya ta miƙa mata. Ta kawo wayar kusa da idon da aka gyara, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa gilashin tun daga gaban motar har baya, yadda ta yi ranar farko.

"Ashe haka take," ta ce.

Ta mayar wa Iya wayar, ta sauka da kanta, ta shiga gida.