Kwanon da Mis Ozella ta Mayar Babu Komai

A daina tambayar ko Wendell Straughn ya taɓa zagin baƙar fata. Bai taɓa ba, kuma ba zai yi ba, uwarsa ta yi masa tarbiyya. Kwana uku ke nan ana cacar baki a shafin gunduma na intanet. Masu kare shi suna liƙa hotonsa ɗauke da akwatin gawar Cleophus Crumpton, masu sukarsa suna tono tsofaffin maganganunsa ko za su tsinci kalma ɗaya mai wari. Duk bakinsa kuke kallo. Ba wanda ya kalli hannun da yake sa wa takarda. Tun da ya hau kujerar shugaban majalisar gunduma, da alkawarin riƙe komai yadda kakanni suka bari, mutum goma sha ɗaya ya naɗa a muƙamai. A gundumar da shida cikin goma baƙaƙe ne, goma sha ɗayan nan babu namu ko ɗaya. Amma ƙidaya ba ta taɓa kunyata kowa a jihar Jojiya ba. Don haka ga labarin Mis Ozella, matar Cleophus mai akwatin gawar.

An haifi Mis Ozella a wani ɗakin katako a ƙarshen gonar gyaɗar gidan Straughn. Uwarta, Essie, ita ke yi musu girki. Tana shekara goma ta raka uwar ofishin rajistar zaɓe sau uku, sau uku ana ba uwar wani dogon shafi ta karanta, a ce ba ta ci ba. Zuwa na huɗu, bayan doka ta canza, aka rubuta sunanta. Essie ba ta yi guɗa ba. Ta dawo ta ɗora wake a wuta, ta ce wa 'yarta ta je ta karɓi Wendell daga hannun uwarsa yana kuka. A kwankwason Ozella yaron ya yi haƙoransa na fari.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Amma in ka tambayi mutanen yankin kogi wace ce Mis Ozella, ba girki za su ce ba. Za su ce ita ce mai tebur a zauren cocin Dutsen Nebo ranar zaɓe. Shekara ashirin da shida tana buɗe ƙofar nan da ƙarfe bakwai. Tana ajiye kwando cike da tsofaffin tabarau, saboda ta gano tsofaffi da yawa ba mantuwa suke yi ba, kunyar cewa ba sa gani suke ji. Ta san wanda ba shi da mota, ta san wanda sai ya sha maganin suga kafin ya iya tsayawa a layi. Daga baya aka ba ta kujera ɗaya cikin biyar na hukumar zaɓen gunduma, ta shekara tara a kai.

A watan biyu na bana mijinta Cleophus, kafinta, ya faɗi a filin da ke bayan gidansu, bai tashi ba. Wendell ya zo jana'iza da baƙar kwat, ya kama hannun akwati na gaba, ya yi kuka na gaske. Matarsa Darlene ta kawo shinkafa da kaza a kwanon tangaran mai murfi, an liƙa salatif a gindinsa da sunanta, kamar yadda kowa ke yi don kar kwano ya ɓata a gidan makoki. Kuma kwanon makoki ba a mayar da shi wayam. Ko ƙwai shida ne sai ka sa a ciki. Wanda aka mayar wa kwano babu komai ya san an gama da shi.

Kwana ashirin bayan haka wasiƙa ta zo. An sake fasalin hukumar zaɓe, ana gode mata da hidimar da ta yi. Kujerarta an ba wani mai sayar da taraktoci, abokin farautar barewar Wendell. Sabuwar hukumar, a zamanta na farko, ta ce za a rufe rumfar zaɓen Dutsen Nebo, wai gangaren katakon da masu keken guragu ke hawa ya yi tsayuwa da yawa. Masu zaɓe ɗari huɗu da 'yan kai su tafi hedikwatar gunduma, mil goma sha huɗu, hanyar da ko bas ɗaya ba ta bi.

Ƙanwarta Vergie ce ta karanta mata sanarwar a baranda, tana kaɗa takardar kamar mafici.

"To, Sista, ɗan renonki ya girma. Har ya iya sallama da wasiƙa."

"Wendell ba haka yake ba."

"Yaya yake?"

"Doka ce. In gangaren bai yi ba, bai yi ba. Ke kin taɓa tura tsohuwa Dada Lovie cikin kekenta a kai? Ni na tura, har bayana ya amsa."

"Allah ya ba ki lada. Mutum ya kwashe kujera daga ƙarƙashinki, kina ƙasa kina yaba kyan takalminsa."

"Vergie, mutumin nan ya ɗauki Cleophus a kafaɗarsa."

"Ai sun iya ɗaukarmu in mun mutu. Zama kusa da mu muna numfashi ne ke ba su ciwon baya."

Mis Ozella ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta kira Dikin Purvis, dattijon cocin, ta ba shi mabuɗin rumfar kayan aikin mijinta. Asabar biyu mazan coci suka yi suna kafa sabon gangare, mai tsawo, da abin riƙewa dama da hagu. Mai dubawa ya zo daga gunduma, ya auna, ya ce gangaren ya yi. Sai ya juya ya auna ƙofar zauren, ya ce ta gaza da inci biyu.

Ranar ce ta ɗauki tef ɗin awon Cleophus ta sa a jakarta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta tuƙa zuwa cocin farare da ke bakin tafki, inda rumfarsu ba ta cikin jerin rufewa. Matakala uku na siminti ta tarar, babu gangare ko na ado. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta auna ƙofar. Ta fi ta Dutsen Nebo ƙanƙanta da inci ɗaya. Ta sake aunawa, saboda Cleophus bai taɓa yarda da awo ɗaya ba. Ta rubuta a bayan takardar jana'izarsa, ita kaɗai ce takardar da ke jakar.

Duk da haka kek ta gasa. Irin na uwarta, mai man shanu da lemon tsami, wanda Wendell ke satar gefensa yana yaro. Ta sa a kwanon Darlene ta rufe da tawul. Da ta isa gidan, ƙafarta da kanta ta zagaya ta baya, ta ƙofar kicin, inda ta saba bi shekara sittin.

Wendell ya tashi daga tebur da fara'a. "Mis Ozella, shigo, shigo. Darlene, kawo mata shayi mai ƙanƙara. Ƙamshin da nake ji shi ne?"

"Shi ne. Zauna, Wendell, magana na zo da ita."

Ta karanta masa awon. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba.

"Wannan aikin hukuma ne, ba na sa musu baki."

"Wa ya naɗa hukumar?"

"Ni ne. Amma Allah ya sani ban duba fatar kowa ba. Mutanen da na sani na ɗauka, waɗanda zan iya kira kowane lokaci, na san iyayensu, na san gidajensu."

"Ni ba ka san ni ba?"

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta yi rigima. "Haba, Mis Ozella. Ke ai daban ce. Ke 'yar gida ce."

Abin da ya fi mata ciwo shi ne ba ƙarya yake yi ba. Yana sonta. In ta mutu gobe zai kama hannun akwatinta na gaba. Kawai dai da ya zauna zai rubuta sunan wanda zai riƙe wani abu na gunduma, fuskarta ba ta zo masa ba, fuskar Dikin Purvis da ya yi shekaru yana shugabantar makaranta ba ta zo masa ba, sau goma sha ɗaya a jere. Ta dubi ƙofar kicin ɗin da ta shigo ta ciki. Ta miƙe, kwanon na hannunta, ba ta ajiye ba.

"Ki bar wa Darlene mana."

"Zan kawo muku kwanonku," ta ce.

Kek ɗin gidan Dada Lovie ya tafi, tsohuwar nan mai shekara casa'in da ɗaya da ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun ranar da aka fara barinta ta yi.

Majalisar gunduma ce ke da hatimin ƙarshe a kan rufe rumfa. Suna zama ranar Talata da ƙarfe goma na safe, lokacin da duk mai aiki yana wurin aiki. Mai son magana sai ya rubuta sunansa a takardar bakin ƙofa, a ba shi minti uku. Mis Ozella ta shekara tara tana shiga ginin nan ba ta taɓa ɗaga murya ba. Talatar da ta wuce ta sa hularta ta coci, ta rubuta sunanta a layin farko.

Da aka kira ta, ba ta nufi lasifika ba. Ta taka har gaban dogon teburin, ta ajiye kwanon tangaran a gaban Wendell, ta ɗage murfin ta ajiye a gefe. A wanke yake tas. Babu komai a ciki. Babu wanda aka haifa a gundumar nan, fari ko baƙi, da bai gane ba. Sakatariyar majalisa ta sunkuyar da kai. Wuyan Wendell ya yi ja har kunne.

Sannan ta koma ta karanta awon ƙofa biyu daga bayan takardar jana'izar mijinta. Ta ce mutum saba'in da tara a yankin kogi ba su da mota, ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tana kan na ashirin da shida ƙararrawa ta buga.

"Lokacinki ya cika, Mis Ozella," in ji shi, a hankali.

"Na ji, Shugaba Straughn."

Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Ba a rufe rumfar ranar ba, ba a kuma bar ta ba. An ɗage ƙuri'ar zuwa Talata mai zuwa, wai za a sake duba awon. Mis Ozella ta koma gida, ta cire hula, ta zauna a kujerar Cleophus. Vergie ta zo da baki cike da tsiya, ta ga fuskar yayarta, ta haɗiye, ta shiga kicin ta ɗora ruwa. Matar nan ta yanke zumuncin shekara sittin a gaban jama'a, da yaron da ta rena, don kar Dada Lovie ta rasa inda za ta jefa ƙuri'a.

Kun san suna nawa ne a takardar bakin ƙofa ranar? Huɗu. Ita, Vergie, Dikin Purvis, da wani da ya zo ƙorafin kwata. A shafin gunduma kuwa mutum ɗari shida ne ke musu kan abin da ke cikin zuciyar Wendell Straughn. Ku bar masa zuciyarsa, ba wanda zai auna ta da tef. Ƙofa ake aunawa, kuma an auna.

Saura suna hamsin da uku ba ta karanta ba, jerin yana hannun Dikin Purvis. Talata, ƙarfe goma, a nemi izini a wurin aiki. Ku fararen da kuka ci abincin hannunta shekara goma sha biyu a makaranta, kuka sunkuyar da kai da kuka ga kwanon, har da ku. Kowa ya rubuta sunansa a takardar nan, ya karɓi minti ukunsa, ya tashi ya ɗora daga suna na ashirin da bakwai.