Kwanciyar Gefen Dama

Mahaifina ya zame a bakin rijiya a Bulkachuwa, ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye daga sama, daf da kwatangwalo. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Muka kai shi asibiti a Azare. Likita ya ga hoto, ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba Baba ba zai sake taka ƙafar ba.

Ni ina son a faɗa min abu daki-daki. Na ce likita ya yi bayani a gaban Baba, daga farko har ƙarshe. Ya ce da farko za a yi masa allura a baya, ya daina jin ƙafafunsa. Daga nan a kwantar da shi a gefen dama, tunda hagu ce ta karye. Sannan a tokare shi gaba da baya don kada ya mirgina.

Baba ya ce, "Ku mayar da ni gida."

Shi ne ke shiga kabari a unguwarmu idan an yi rasuwa. Shi ke karɓar mamaci, ya kwantar da shi a dama, ya tokare shi da ƙasa.

"Likita, wannan kwanciyar na san ta. Duk wanda na yi wa bai tashi ba."

"Baba, namu suna tashi," in ji likita.

"Ni dai ban gani ba."

Lallashi ba halina ba ne. Na cire hula da takalmi, na hau gadon da ke kusa, wanda ba kowa a kai. Na ce likita ya yi min yadda zai yi masa, kada ya tsallake komai. Ya juya ni dama. Ya sa matashi a ƙarƙashin kaina, wani a tsakanin gwiwoyina. Ya naɗe tawul ya cusa min ƙasa da hammata, sannan ya tokare ni.

Baba ya bi komai da ido. "Wannan na hammata fa?"

"Don kada hannu ya sage bayan an gama."

"Mu ba ma sa wannan," in ji Baba. "Mu ba mai dawowa ya yi ƙorafin hannu."

Na sauko na sa hulata. "Ga shi na tashi, Baba."

"Kai ai taurin kai ne ya tashe ka. Likita, kar ka manta da tawul ɗin."

Washegari na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata har aka gama aikin aka turo shi waje. Yana rigingine, idonsa biyu, yana yi wa mai tura gadon faɗa a kan sauri. Na bi su da kallo har suka wuce. Na zauna a ƙasa.

Kafin damina ta ɗauke, yana zuwa masallaci da sandarsa.