Jakar Ramlatu Ta Riga Mu Zuwa Kano

Wata Juma'a ce cikin watan Janairu na 2011, bayan la'asar, a filin ajiye motoci da ke bayan gininmu a unguwar International City ta Dubai, na tsinci kaina tsaye tsakanin kwalayen firji guda biyu, an naɗe mini ƙwauri da kwali da tef ɗin kago, an kifa mini tukunyar shinkafa a ka. A lokacin gemuna ya riga ya yi fari. A gabana 'yan mata ne a kan takalman taya, 'yan Filifin da Indiyawa da wata 'yar Masar mai bakin tsiya, sai 'yata Ramlatu da ƙawarta Rifkatu, kowacce da sanda mai lanƙwasa a baki, suna bin wata jar ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba. Can Ramlatu ta kufce musu, ta taho kaina tana huci, ta ɗaga sanda. Ni dai na ji tukunya ta yi ƙara, sama ta juya, sai ga ni zaune a ƙasa. Yara suka kaure da ihu wai na tare. Daga ranar sunana ya ɓace a unguwar, na koma Baba Gola.

Ni ban yi ƙuruciya ba sai a Dubai, shi ya sa nake ba da labarinta kamar tawa, ko da yake ta Ramlatu ce na raɓa. A garinmu aji biyu na yi a firamare, malamin ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, kuma bawan Allah bai yi ƙarya ba. Langa da ƙwallon tsumma duk daga ƙarƙashin buhu na kalle su. Kaya na yi ta ɗauka daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa filin jirgi, har kayan suka kai ni Dubai, inda maigidana mai kamfanin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, ya kama filat mai ɗaki biyu ya ce in riƙe wa baƙinsa, ya kuma yi mana biza ni da iyalina.

Gidan nan ba gida ba ne, tasha ce mai rufi. 'Yan kasuwar Kano suna sauka yau, su tashi jibi, wasu su maye gurbinsu tun katifa ba ta huce ba. Matata Uwani tana kan tukunya daga safe, tuwon shinkafa da miyar kuka, don Alhazawa ba sa yarda da abincin da ba su san sunansa ba. Ramlatu in ta dawo daga makaranta ita ce wanke-wanke, ita ce kai shayi, ita ce mai raka Hajiyoyi babban kantin 'yan China da ke kusa da mu, ta yi musu ciniki da Turanci da Larabci da yatsu. Falo kuwa kullum cike yake da kwalaye har rufi, ta tsakaninsu muke bi a karkace. Kuma gidan yana da doka ɗaya da kowa ya sani, babba da yaro: duk abin da ke bayan ƙofa ranar Alhamis da safe, kago ne. Masu lodi Fakistanawa ne, ba sa jin Hausa, mu ba ma jin nasu, saboda haka aka yanke magana tun farko. Ba sa tambaya. Abin da suka tarar a bayan ƙofa su naɗe shi da tef, mai kaya ya sa alamarsa, su sauke shi mota.

Takalmin taya na farko wani Alhaji ne ya bar shi saboda taya ɗaya tana cijewa. Ramlatu ta gyara shi da man gyaɗa, suka raba ita da Rifkatu, kowacce ƙafa ɗaya, suna tura kansu da ɗayar a barandar bene har maƙwabta suka kawo ƙara. Rifkatu 'yar Malam Yohanna ce, mutumin kudancin Kaduna mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ƙofarsu tana kallon tamu. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, mu mu tafi masallaci, su su tafi coci, da yamma yaran su haɗu a filin motoci su yi ta faɗuwa suna tashi. Sandunan farko na tsintsiyar goge ƙasa ne da Malam Yohanna ya ɗaura wa guntun bututu a baki. Gola ne babu mai so, don ƙwallon tana da zafi, sai suka duba suka ga wani dattijo da ba shi da aikin yi sai tsokana daga kan dakali. Uwani in ta leƙo ta taga ta gan ni cikin kwali sai ta ce, "Malam, in baƙi suka tambaye ni mijina, wanne zan nuna?"

Wata malama a makarantar su Rifkatu, doguwar Baturiya 'yar Kanada, ita ta ji labarinsu ta zo ta gani. Yara suna ce mata Koci, ni ina ce mata Madam. Ta tsaya ta kalli Ramlatu tana ratsa 'yan mata, ta ce in kawo su filin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti ranar Asabar. Ni na ɗauka wasa take. A garin da za ka soya ƙwai a kan bonet, wai an shimfiɗa ƙanƙara kamar filin idi. Da na gani da idona sai da na taka don in tabbatar, kuma na tabbatar da bayana, a gaban jama'a. Ramlatu kuwa, da aka sa mata takalmi mai wuƙa a ƙasa, ta yi ɗan rawar jiki kamar ɗan maraƙi, kafin a tashi ta fara gudu. A kan ƙanƙara ba ƙwallo suke bi ba, wani baƙin faifan roba ne kamar murfin gwangwani, mai nauyin tsiya. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta kifa hular kwano a kai, in ta taho da gudu ta juya ƙafa ta tsaya cak, sai ƙanƙara ta yi feshi har kan gilashin da nake leƙe. Ni da ban taɓa cin komai ba a rayuwata sai tuwo, na riƙa bugun gilashi ina gaya wa Turawan da ke gefena cewa tawa ce, da Hausa, suna gyaɗa kai.

Abu ɗaya ta gada a wurina, kuma ba na alheri ba ne: ƙafa. Ƙafata kamar faranti take, tata ma haka. Duk cikin 'yan matan babu wadda takalminta ke shigarta. Sai Madam ta kawo nata na da, tun na ƙasarsu, ya zauna mata daidai, ta haɗa mata da sanda da hula da safar hannu da sulken ƙirji da na gwiwa, duk a cikin wata baƙar jaka da mutum zai iya kwana a ciki. Jakar nan ita ce dukiyar Ramlatu, kuma ita ce abokiyar faɗan Uwani, don warin gumin da ke fita daga cikinta yana iya tada marar lafiya. Kullum sai an yi: "Ki fitar mini da mushen nan daga ɗaki." Ita kuma ta tura ta ƙarƙashin gado ta ce ai ta fitar.

A 2014, wajen ƙarshen shekara, Madam ta ce za ta zaɓi 'yan matan da za su je Abu Dhabi su kara da wata ƙungiya, kuma ranar Asabar za a yi gwajin. Ramlatu ta daina cin abinci sosai, tana wanke-wanke tana motsa ƙafa kamar tana kan ƙanƙara. Ranar Alhamis ta tafi makaranta, ni na tafi filin jirgi ɗauko baƙi. Matar Alhaji Mamuda, babban baƙonmu mai shago a Kwari, ta ce tana so ta ɗan kwanta a ɗakin mata. Uwani ta ji kunyar warin, ta jawo jaka ta tura ta falo da niyyar in Hajiya ta tashi ta mayar, ta koma kan tukunyarta. Falo ya cika, babu wurin da ya rage sai bayan ƙofa. Masu lodi suka zo. Alhaji ya ga baƙar jaka cikin kayansa, ya ɗauka sayayyar Hajiya ce, ya zana mata alamarsa.

Da Ramlatu ta dawo ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, na ji ta ce, "Mama, ina jakata?" Uwani ta fito da ludayi a hannu, ta kalli bayan ƙofa, ludayin ya faɗi. Ban tsaya sa hula ba, na ja yarinyar muka shiga mota sai Ras Al Khor, inda sito yake. Na yi wa shugaban masu lodi ihu da harshe uku, babu wanda na faɗa daidai. Ya bari na gama, ya nuna mini filin da kontena take tsayawa, babu komai sai tabon mai. "Khalas, habibi," in ji shi, wato zance ya ƙare. An rufe ta, an buga mata hatimi, ta kama hanyar tashar jirgin ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya ba tafiyar jakar ba ce, dariyar da aka yi ce. Da muka dawo Alhazawa suna kan tabarma ana cin tuwo. Alhaji Mamuda ya ji bayani, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "To Baba Gola, ai ba ɓata ta yi ba, Kano ta tafi. Kuma tsakani da Allah, me 'ya mace za ta yi da wuƙa a ƙafa?" Sauran suka taya shi. Ramlatu ce ta kawo musu ruwan wanke hannu, ta tsaya riƙe da kwano har kowa ya gama.

Rifkatu ta zaga gidajen 'yan matan ranar Juma'a, ta aro hula da sanda da safar hannu. Takalmi ne babu, saboda farantin ƙafar da ta gada a wurina. Shagunan da muka leƙa a ranar babu mai girman ƙafarta, sai dai a yi oda daga waje. Ranar Asabar ta sa na haya na filin, irin wanda ake ba masu yawon kanti, wuƙarsa ta dakushe, wuyansa ya saki. Na tsaya a gilashina na kullum. Ta taho da gudu za ta tsaya irin tata, ƙafa ta tafi ta bar ta. Ta tashi. Ta sake faɗuwa. Yaran da take wucewa kamar suna tsaye, ranar su suka riƙa wuce ta. Ba ta fita ba har aka busa. Madam ta dafa kafaɗarta ta ce ta san abin da ya faru, amma can wasa ne na gaske, ba za ta sa ta a takalmin da zai karya ta ba, ta bari sai baɗi. An zaɓi Rifkatu. Ta zo tana kuka wai ita ma ba za ta je ba, Ramlatu ta ce mata, "In kika zauna, ba ni ba ke."

Alhaji ya yi alkawarin dawo da jakar in ta sauka. Ya zo sau da yawa bayan nan, kullum ya manta. Ni ma da na yi tunani, kaya daga Dubai suke tafiya Kano, abin da ke dawowa sai kuka da daddawa. Baɗin kuma ba ta same mu a can ba. Tsakiyar 2015 maigidana ya rufe kamfani ya koma China, aka soke bizarmu, muka naɗe namu kayan muka ajiye a bayan ƙofa.

Da muka sauka Kano na kai ta shagon Alhaji. Jakar tana nan, an cika ta da samfurin atamfa. Hular kwano mai gadinsa yana sawa in zai hau babur. Sandar suna zaro bandir da ita daga saman kanta. Takalman kuwa an cire musu wuƙa, an ba wani mai faci yana kankare taya. Alhaji ya ce wallahi duk sun yi amfani. Ramlatu ta gaishe shi da ladabi, ta zuge ƙaramin aljihun gefen jakar, ta ciro baƙin faifan nan, ta sa a jakarta ta hannu, ta ce, "Baba, mu tafi."

Yanzu malama ce, tana koyar da Turanci, ƙanƙarar da take gani ita ce ta leda in an kawo wuta. Rifkatu takan kira ta a waya, su yi hirar komai ban da wasan ƙanƙara. Faifan yana kan tagar ɗakinta, ban taɓa tambaya ba. Sai dai wani lokaci in tana goge tayil ɗin falo, ni ina kishingiɗe, nakan ga ta ɗan waiga, ta tura ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen wuri, ta zame, ta juya ta tsaya cak. Ni kuma in rufe ido in ja minshari, don kada ta san gola yana nan. Ni na samu ƙuruciyata da furfura a gemu, tata kuwa aka naɗe da tef aka sa a kontena.