Kan Kwaɗon Hajo Yana Wurina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya same ni ina kan keken ɗinki. Ƙanwarta ce ta kira, ta ce, "Yaya Balki, Hajo ta tahi." Na ce ta tahi ina? Sai na ji kuka.

Zazzaɓin kwana biyu kawai. An kai ta da hantsi.

Waɗanda suka san ta a waya da Hajo mai fim ɗin dodo suka san ta. Ni ƙawata ce tun muna 'yan mata muna tsinkar ganyen albasa a Aliero. Ni na tsaya a firamare na kama ɗinki, ita ta samu aikin shara a wani ɗakin gwaje-gwaje.

Can ta ga kwaɗi a cikin kwalabe. Takan ce in tana goge tebura sai ta ga kamar suna bin ta da ido. Wata rana ta zo shagona a Jega ta zauna bisa buhun ƙyalle ta ce, "Balki, na yi mafarki da rana tsaka. Wani Dokta ya zuba magani a ruwan fadama don albasa ta kai girman ƙwarya. Albasar ba ta sha ba, kwaɗo ya sha. Ya girma har ya kai rumbu."

Na ce Allah ya sawwaƙe.

Ta ce, "Ba sawwaƙewa ba, ɗinka mani shi za ki yi."

Haka muka fara. Ba mu da kyamara sai wayarta mai tsagaggen gilashi. Jikin dodon buhunan albasa ne na haɗa, idanunsa ludayi biyu muka shafa wa fenti. Sani mahauci, ƙanin mijinta, shi ke shiga ciki don duk ya fi kowa jiki. Dokta kuwa wani direban Maiyama ne, aka ara masa farar riga da tabarau marar gilashi.

A fim na farko ana ganin silifas ɗin Sani a ƙarƙashin ƙafar dodo. Mutane suka yi ta dariya maimakon tsoro. Hajo ta fi kowa dariya.

A ƙarshen fim ɗin ta rubuta: Mai ɗinkin dodo, Balki. Ban taɓa ganin sunana a rubuce a wani wuri ba in ba a katin asibiti ba. Na yi ta mayar da wurin baya ina kallo.

Lokacin da maigidana ya rasu, duk tsawon takabata ba ta yi sati ba ta zo ba. Takan kawo fura a kwanon sha, ta zauna tana ba ni labarin finafinan da ba ta yi ba tukuna. Jemage mai kai biyu. Gero mai tafiya da ƙafa. Ba ta taɓa ce mani in daina kuka ba, labari kawai take yi har in ga na shanye furar.

A fim na biyu na yi kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. Soson katifa ya ƙare ina cikin cusa kan dodon, sai na ɗebo ɓawon albasa a bakin rumbu na cika shi. Ban tsince ba. Ashe akwai fasassun albasa a ciki.

Muka tafi fadamar Alelu da sassafe, hazo kwance bisa ruwa kamar an shimfiɗa farin mayafi. Kafin a gama shiri rana ta yi zafi. Sani ya sa kan, ya taso daga cikin ciyawa zai kama Dokta, sai muka ji dodo yana jan majina.

Daga ciki ya ce, "Yaya Hajo, mi kunka zuba cikin kan ga? Wallahi ba ni ganin komi!"

Na ji kunya kamar in nutse. Na ce a tsaya in kwance. Hajo ba ta sauke waya ba. A hankali ta ce, "Ci gaba, Sani. Kuka yake. Awo, dole ya yi kuka, shi bai roƙi kowa ya maishe shi haka ba."

Ta bar muryar a fim ɗin. Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Wata tsohuwa a Sarandosa ta aiko a tambaye ta ko kwaɗon ya samu lafiya.

Daga nan ta canza ƙarshen labarin gaba ɗaya. Su Sani suna so a ƙone dodo a fim na uku, wai haka ake yi. Ita ta ce a'a. Dokta ne zai dawo, ya durƙusa a bakin gulbi ya nemi gafara, ya raka shi har ruwa ya rufe shi.

Wannan wurin kaɗai ya rage ba a ɗauka ba. Kan ya yage ta ƙeya, ido ɗaya ya cire, ta kawo mani gyara. Na ɗora shi bisa kabad, ya yi wata biyu a can.

Ganina da ita na ƙarshe ranar kasuwar Jega ne. Ta leƙo shago, hijabinta duk ƙaiƙayi, ta ce, "Ƙawa, ina kwaɗona? Ruwa na janyewa hwa."

Kayan biki sun yi mani yawa, raina a ɓace. Na ce, "Don Allah Hajo ki ƙyale ni da dodon nan naki, ina da ɗinkin mutane."

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗaga kai ta dubi kabad, ta yi murmushi ta ce, "Ke ma kin zama Dokta ke nan. Kin yi shi, kin gudu kin bar shi."

Ta ajiye mani ƙullin gyaɗa a kan keke ta fita. Ko sai an jima ban ce mata ba.

Yau a gidan gaisuwa, bayan azahar, na jingina da bango sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga fadamar Alelu da hazon nan. Na ga kwaɗon yana shiga ruwa a hankali, Hajo a tsaye a bakin gaɓa ba waya a hannunta, kallo kawai take. Na kira ta, ba ta ji ba. Sai aka taɓa ni aka ce in matsa baƙi sun shigo.

Da na dawo gida na sauko da kan. Har yanzu yana warin albasa. Na zare allura, na mayar masa da idonsa.

Mijinta ya ce wayar tana hannunsa, in an yi addu'ar bakwai mu je mu ƙarasa. Sani ya ce zai shiga, kuma kar in cire ɓawon.

Hajo, ki yafe mani. Na gyara.

Ya Allah ka jiƙan Hajara, ka haskaka kabarinta, ka sanyaya mata makwanci, ka raya 'ya'yan da ta bari. Kai da ka taɓa dariya da silifas ɗin dodo, ke da kika taɓa jin tausayin kwaɗon nan, don Allah ku tsaya minti ɗaya ku yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sa ta yafe mani kafin ta tafi.